Kafar Nan Mai Allurai Tara

Duk wanda ya shiga kasuwar Farm Centre ta Kano, ko shagunan kwamfuta na Kaduna da Zariya, ya ɗauki sabuwar laftof ya jujjuya ta, zai ga ramukan USB biyu ko uku, da na HDMI, da na caji. Abin da ba zai gani ba shi ne wata 'yar kafa mai allurai tara, biyar a jere guda, huɗu a ɗaya jeren, da wurin ɗaure sukuru hagu da dama. A da babu kwamfutar ofis da za ka leƙa bayanta ka rasa wannan kafa, sau da yawa ma biyu ne, COM1 da COM2. Ba a yi shelar tafiyarta ba. An dai wayi gari yaran da ke koyon gyara suna nuna ta a jikin tsofaffin injuna suna tambayar oga ko ta allon kallo ce.

Kafar siriyal ke nan, wadda ƙa'idarta ake kira RS-232. Ƙungiyar masana'antun lantarki ta Amurka, EIA, ita ta fitar da ƙa'idar a 1960, lokacin da abin da ake son haɗawa bai wuce injin buga saƙon waya da modem ba. Bugun da ya fi shahara, mai harafin C a ƙarshe, ya fito a 1969. Asalin kan wayar allurai 25 gare shi, sai kamfanin IBM ya rage su zuwa tara a kwamfutarsa ta PC/AT a 1984, sauran masu ƙera kwamfuta suka bi sahu. Aikinta ba shi da wani ɓoyayyen sirri. Bayanai na tafiya ɗaya bayan ɗaya a kan waya guda, su dawo a kan wata, ta uku kuma ita ce ta ƙasa. Allura ta 2 karɓa, ta 3 aikawa, ta 5 ƙasa. Wutar da ke kan wayar ita ce maganar: daga bolt 3 zuwa 15 a ƙasa da sifili na nufin ɗaya, irin wannan adadi a sama da sifili na nufin sifili. Mai ƙaramar mita ta auna wuta yana iya tabbatar da ko kafa na da rai.

Waɗanda suka yi aikin kwamfuta a shekarun 1990 zuwa farkon 2000 ba za su manta kamannin wurin ba. Fanka na kaɗa ƙurar hunturu, farin akwatin kwamfuta ya koma ruwan ƙasa, mutum ya durƙusa a bayan tebur yana lalube da yatsa har ya dace da kafar, sannan ya murɗa sukurori biyun nan masu kan roba har sai sun kama. Idan allura ɗaya ta lanƙwashe, sai a cire ƙoƙon biro a zura bakinsa a miƙe ta a hankali, ana addu'ar kada ta karye. Ta nan linzamin kwamfuta yake shiga kafin PS/2 da USB su yaɗu. Ta nan modem ɗin waje yake shiga, mai jerin jajayen fitilu, wanda idan ya kama layin NITEL sai ya yi ta ƙara da tsuwa na rabin minti kafin intanet ta buɗe. Ta nan masu gyaran waya na farkon zamanin GSM, bayan 2001, suke jona Nokia 3310 da 'yar wayar da ake maƙalawa a ƙarƙashin batir.

Manyan wancan lokaci suna da ɗabi'un da ba a rubuce suke ba. Sukan manna farar takarda a jikin na'ura su rubuta 9600, 8, N, 1, wato saurin tafiya, da yawan bit a kowane harafi, da rashin bit na tantancewa, da bit ɗaya na tsayawa. Idan allo ya cika da tarkacen haruffa marasa ma'ana, ba su zargin aljanu, sun san saurin ɓangarorin biyu ne bai zo ɗaya ba. Idan kuma shiru ne gaba ɗaya, sai oga ya ce wa yaronsa, “Kai, miƙo mini kilif ɗin takarda.” Ya haɗa allura ta 2 da ta 3, ya buɗe manhajar HyperTerminal, ya danna harafi. In harafin ya dawo kan allo, kwamfuta ta fita daga zargi, saura waya ko na'urar. Cikin minti biyu an raba gardama. Mai rubuta manhaja a zamanin DOS shi ma haka yake ganin komai ƙuru-ƙuru: ya san COM1 na zaune a adireshin 3F8, ya san cip ɗin 8250 ko 16550 ne ke bayanta, yana rubuta masa umarni kai tsaye ba tare da neman izinin kowa ba.

Sai dai kada daɗin tuna baya ya sa mu yi wa kanmu ƙarya. Wahala ce tsagwaronta. A saurin 9600, haruffa 960 kacal ke wucewa a daƙiƙa guda, hoto ɗaya na wayar yau mai megabayit uku sai ya ci kusan awa. Ko mafi girman saurin da aka saba, 115200, ba ya kai wa ko'ina a ma'aunin yau. Kafofi huɗu suna rabon layukan katse aiki guda biyu, COM1 da COM3 a kan na 4, COM2 da COM4 a kan na 3, shi ya sa wani lokaci da ka motsa linzami sai modem ya yanke. Akwai waya miƙaƙƙiya, akwai mai giciye, a ido duk ɗaya suke, kuma kowane kamfani da yadda yake jera nasa alluran. Cip ɗin 8250 harafi ɗaya tak yake iya riƙewa, in kwamfuta ta yi jinkirin ɗauka na baya ya taka na gaba, sai da 16550 ya zo da ma'ajiyar haruffa 16 aka ɗan samu sauƙi. Na'ura ba ta iya faɗin sunanta, ba ta iya faɗin saurinta, kai ne za ka sani ko ka yi ta gwaji. Don haka da USB ta fito a 1996, kuma Apple ya fitar da iMac a 1998 babu kafar siriyal ko ɗaya a jikinta, yawancin masu amfani da kwamfuta hamdala suka yi. Sarki goma, zamani goma.

Abin da ba a lura da shi ba shi ne, kafar ce ta ɓace daga jikin kwamfuta, yaren bai mutu ba. Da tsohuwar zuma ake magani. Je ka ɗakin gwaje-gwaje na asibiti ka duba bayan injin auna jini, ko sikelin awon manyan motoci, ko firintar rasit, ko inbatar sola da ta cika gidaje da shaguna yanzu. Da yawansu da RS-232 suke magana, ko da 'yar uwarta RS-485 wadda ke iya tafiyar mita 1200 a kan waya. Injiniyan sadarwa har gobe yana yawo da shuɗiyar wayar nan ta Cisco, domin ranar da na'ura ta ƙi hawa intanet ta wannan kafa kaɗai ake shiga cikinta, a kan 9600 ɗin nan dai. Na'urorin GPS suna furta bayanansu da ƙa'idar NMEA 0183 a saurin 4800. Masana'antu suna amfani da Modbus, wadda kamfanin Modicon ya fitar tun 1979. Hatta 'yan modem ɗin USB da kamfanonin waya suka yi ta sayarwa a zamanin 3G, idan ka leƙa ciki, kafar COM ce suke buɗewa, kuma umarnin AT na kamfanin Hayes na 1981 suke ji. Ɗalibin da ke wasa da allon Arduino a yau, ko ya sani ko bai sani ba, siriyal yake yi.

To yaya ake yi, tunda kwamfuta ba ta da kafar? Sai a sayo 'yar waya mai USB a kai ɗaya, allurai tara a ɗaya kan, da ƙaramin cip a tsakiya. Galibi cip ɗin na kamfanoni huɗu ne: FTDI na Gilasgo a Sikotland, Prolific na Taiwan mai PL2303, Silicon Labs na Amurka mai CP2102, da WCH na ƙasar Sin mai CH340. Kowanne da nasa salon magana a kan USB, don haka kowanne sai da direbansa, wato 'yar manhajar da ke shiga tsakanin babbar manhajar kwamfuta da na'ura. A nan ne al'amari ya juya. A da kai da na'ura fuska da fuska kuke. Yanzu akwai tafinta a tsakani, kuma abin da tafinta bai iya faɗa ba, ko ya ga dama ya jinkirta, ko ya ƙi faɗa, ba zai taɓa isa kunnen ɗayanku ba. COM ɗin da kake gani a allo ba ƙarfe ba ne, alkawari ne da direba ya ɗauka cewa zai kwaikwayi ƙarfen.

Wanda ya fi ɗanɗana wannan shi ne mai rubuta manhajar da ake so ta yi aiki a Windows da Linux da macOS baki ɗaya. Tun daga suna rigima take farawa. Windows na cewa COM3, amma da lamba ta haura tara sai an sa wasu alamomi na musamman a gaban sunan kafin ta buɗu, kuma sauya ramin USB kaɗai na iya sa a ba wayar sabuwar lamba, alhali tsohuwar manhajar injin COM1 zuwa COM4 kawai ta sani. Linux na cewa ttyUSB0 ko ttyACM0, kuma wanda aka fara jonawa shi ke karɓar sifili, gobe in an sauya tsari sunaye su juye. A Ubuntu da Debian, in ba ka cikin rukunin da ake kira dialout, ƙofa a rufe take. A macOS kowace na'ura sunaye biyu gare ta, ɗaya mai farawa da tty ɗaya da cu, na farkon yana iya tsayawa jiran alamar cewa modem ya kama layi, alamar da sikeli ko inbata ba za su taɓa bayarwa ba. Hatta tambaya mai sauƙi irin “kafofi nawa ke jikin wannan kwamfuta?” hanyoyi uku daban ake bi a amsa ta.

Bayan suna sai saiti. Windows na da nata tsarin na shirya sauri da lokacin jira. Linux da macOS sun gaji termios daga Unix, tsarin da aka gina domin mutum mai buga rubutu a tasha, ba domin inji ba. In mai manhaja bai kashe wasu saituna ba, tsarin zai riƙa gyara masa bayanai ba da saninsa ba: ya juya alamar ƙarshen layi, ya haɗiye lambobi 17 da 19 domin a wurinsa umarnin “ci gaba” da “dakata” ne. Saƙo mai bayit ɗari sai ya iso da casa'in da tara, kuma sai ranar da awon ya faɗa kan waɗannan lambobi abin zai bayyana. Saurin da ba ya cikin jerin gargajiya, irin 250000 da wasu firintocin 3D ke amfani da shi, Linux da hanyarta, macOS da tata, kuma ko an bi hanyar sai in cip da direba sun yarda. Bit ɗaya da rabi na tsayawa yana cikin tsarin Windows, babu shi a ƙa'idar POSIX wadda Linux da macOS ke bi. Akwai kuma abin da tsofaffin manhajoji ba su taɓa tunani ba: kafar da ke jikin allon kwamfuta ba ta guduwa, amma ta USB ana iya fizge ta a tsakiyar magana, kuma kowane direba da yadda yake ba da labarin rasuwarta.

Mafi ɓoyuwar matsalolin ita ce ta lokaci. A tsohuwar kafa, harafi na isowa cip zai taɓa kwamfuta nan take. A USB na'ura ba ta magana sai an tambaye ta, kuma bayanai a ƙunshe suke tafiya. Cip ɗin FTDI, a saitinsa na asali, yana riƙe abin da ya karɓa har sai ƙunshi ya cika ko milisakan 16 sun wuce. Ga mai karanta rubutu a allo wannan ba komai ba ne. Amma Modbus RTU da shiru take gane ƙarshen saƙo: shirun da ya kai tsawon haruffa uku da rabi, wato kimanin milisakan 4 a saurin 9600. Ka ga an ba mai auna milisakan 4 agogon da ke motsi duk bayan 16. Saƙo biyu su manne su zama ɗaya, ko ɗaya ya rabe biyu. Manhajar na aiki lafiya a teburin wanda ya rubuta ta, a kai ta masana'anta da wata wayar daban ta fara kuskure sau ɗaya a yini. Ana iya rage wannan jinkiri, amma wurin saitin daban yake a kowace babbar manhaja, wasu cip ɗin ma ba su da shi. Haka layin DTR, ɗaya daga layukan kafar: yawancin tsare-tsare suna ɗaga shi da zarar an buɗe kafa, allon Arduino Uno kuma da ya ji haka sai ya sake tashi daga farko, saƙon farko ya bi iska.

Sannan ga abin da a zamanin allurai tara ba zai yiwu ba sam. Da kasuwa ta cika da jabun cip, kamfanonin asali suka mayar da direba makami. Prolific ya fitar da direbobin da ke ƙin aiki da jabu, mai waya ya ga alamar rawaya da kuskure mai lamba 10, ya koma farautar tsohon direba a intanet. A watan Oktoba na 2014, wani direban FTDI da ya shigo ta sabuntawar Windows ya riƙa sauya lambar shaidar jabun cip zuwa sifili, ta yadda kwamfutoci suka daina gane su. Duniya ta yi ca, aka janye shi, amma a 2016 wani ya sake fitowa wanda ke cusa saƙon gargaɗi a cikin bayanan da ke wucewa. Kamfani na da hujjarsa, domin shi ya kashe kuɗin bincike wasu suka kwafa. Sai dai wanda ya sayi waya a kasuwa ba shi da hanyar sanin abin da ke cikin robar. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Mu kuma da yawancin kayanmu masu araha ne, wannan bugu ya fi sauka a kanmu.

Ko ba mugun nufi, tsarin na iya yin karo da kansa. A Ubuntu 22.04 mutane da dama sun jona allo mai CH340 suka ga kafar ta bayyana ta ɓace nan take. Dalili shi ne manhajar brltty, wadda ke hidimar na'urorin karatun makafi, ta ɗauka tata na'urar ce, saboda lambar shaidar cip ɗin ɗaya ce. Masu filashin waya a kasuwanninmu sun san irin wannan a jikinsu. Wayar Tecno ko Itel mai cip ɗin MediaTek takan buɗe kafar COM na 'yan daƙiƙu kaɗan idan an jona ta a kashe, in direba bai zauna daidai ba kafar ta wuce kafin manhaja ta cafke ta. Shi ya sa za ka tarar da tsohuwar laftof mai Windows 7 a ƙarƙashin teburin mai gyara, ba ya barin kowa ya taɓa ta, ba ya yarda ta sabunta kanta. Ba son tsohon abu ba ne, a kanta ce direbobinsa suka zauna.

Duk da haka, in aka ɗora a sikeli, ribar zamani ba ƙarama ba ce. Linux na zuwa da direbobin waɗannan cip huɗu a cikinta, jonawa kawai ake yi. Akwai ƙa'idar bai ɗaya ta USB mai suna CDC ACM, wadda duk na'urar da ta bi ta ba ta buƙatar direban kamfani, kuma tun daga Windows 10 ita ma Microsoft tana ɗora nata direban kai tsaye. Kamfanin Sun ya yi wa masu Java alkawarin rubutu ɗaya aiki ko'ina, amma a kan siriyal alkawarin ya yi rauni, sai da masu sa kai suka cike giɓin da RXTX, daga baya jSerialComm. Masu Python na da pySerial, Qt ya shigar da nasa a bugu na 5.1 a 2013, kuma tun 2021 burauzar Chrome na iya magana da kafar siriyal da izinin mai kwamfuta. Aikin da a da sai ƙwararre ya yi mako yana yi, yau ɗalibar kwalejin fasaha na yin sa da layi goma. Sai dai waɗannan kayan aiki rufi ne a kan bambancin, ba su kawar da shi ba. Abin da duka tsare-tsaren uku suka iya shi suke bayarwa da tabbaci, sauran kuwa ya danganta da direban da ka faɗa hannunsa.

Abin da aka rasa, a ganina, ba ƙarfen ba ne, kuma ba wanda ke da hankali zai nemi a dawo da rigimar COM1 da COM3. An rasa iya bin matsala da ido daga farkonta har ƙarshenta. Tsohon ma'aikaci na iya cewa “laifin waya ne” ya kuma nuna hujja. Na yau sau da yawa sai dai ya ce “gwada wata wayar” ko “sauke tsohon direba,” in ta yi aiki bai san dalili ba, in ta ƙi ma haka. An kuma rasa wani yanki na mallaka, domin na'urar da ka saya da kuɗinka tana iya daina aiki saboda shawarar da wani kamfani ya yanke a wata nahiya, ko saboda Apple ko Microsoft sun sauya dokar shigar da direbobi.

Don haka ga masu tasowa a wannan sana'a, musamman masu rubuta manhajar asibitoci, sola da masana'antu a ƙasashenmu: kada ku dogara da shiru ko lokaci wajen gane ƙarshen saƙo in kuna da zaɓi, ku sa masa alamar farko da tsawo da lambar tantancewa. Ku ɗauka cewa za a fizge waya, ku koya wa manhajarku sake haɗawa. Ku nemi na'ura da lambar shaidarta, ba da sunan kafa ba. Ku gwada da cip fiye da ɗaya a kan kowace babbar manhaja kafin ku kai wa mai aiki. Masu sayo injuna wa hukumomi kuma su tambayi dillali takardar da ke bayyana yaren injin, su fifita wanda ke bin ƙa'idar bai ɗaya, domin injin zai yi shekara ashirin yana aiki, direbansa kuwa babu mai ba da tabbacin zai kai biyar. In kuma akwai tsohon ma'aikaci kusa da ku wanda ya san aikin allura ta 2 da ta 3, ku zauna ku koya daga gare shi tun yana nan.